Turken Da Ke Kan Kabarin Ozur

'Ya'yana, Hallvard da Steinar da Valdis, ku yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuta muku da hannuna. Tun ina yarinya a Aisland limamin coci ya koya mini baƙi, amma ban taɓa aika wa kowa takarda ba, kunya nake ji. Ni ce mahaifiyarku, Yorun 'yar Bersi. Hankalina garau yake, ƙirjina ne ya gaji. Jirgin ruwan da zai kai muku wannan fata da na yi rubutu a kanta kudu shi ne na ƙarshe kafin ƙanƙara ta rufe mashigin teku.

Na ɗaya. Shekara huɗu ke nan da muka binne babanku Ozur a bayan garke, muka kafa turke a kan ƙirjinsa yadda ake yi a nan Girinland, har ranar da liman zai zo a zare shi, a zuba ruwan tsarki ta ramin. Liman bai zo ba. Kullum da safe nakan je in girgiza turken in ji ko yana nan daram, in kori tumaki daga jikinsa. Wani lokaci nakan gaya wa babanku yadda ciyawa ta yi bana. Ba ni da wani abokin hira, sai maƙwabcinmu Grim, shi ma kunnensa ya tafi. In babu ni, dusar ƙanƙara za ta kwantar da turken, wurin ya ɓace. Ku kawo liman bazara mai zuwa, ko da a kafaɗa za ku ɗauko shi.

Na biyu. Saniyar nan mai jan kunne ta Grim ce, domin shi zai haƙa mini kabari. Tumaki da tukunyar dutse, Hallvard. Gatarin babanku, Steinar.

Na uku. Valdis, masaƙata taki ce, sai dai za ki same ta babu itacen sama. Na cire shi domin turken kabarina, ba wani itace a gidan nan da ya kai tsawon turke. Ki gafarce ni, na san tun kina ƙarama kike son ta.

Na huɗu, wanda ya fi yi mini nauyi. Shekarar yunwa, da filafilin kwalekwale ya karye, Steinar ya kama turken babanku zai zare, ya ce mini, "Inna, Baba ba zai ci kifi ba, mu za mu ci." Hallvard ya fasa masa baki. Tun ranar ba ku gaisa ba, kowa ya yi nasa wuri. Ni kuma na yi shiru, alhali na san yunwa ce ta yi magana. Wannan laifina ne. Ranar da liman ya zo, ku biyu za ku sa hannu ku zare turakun, nasa da nawa. Nawa a mayar wa Valdis. Na babanku a ba Steinar ya sassaƙa filafili, Hallvard ya riƙe masa itacen.

Ubangiji ya yi muku albarka, ya kwantar muku da teku. Kada ku bar juna, ƙasar nan ta yi wa mutum ɗaya faɗi. In na ga narkewar ƙanƙara, ina roƙon ku yarda in sake rubuto muku. In kuwa kun iso kun tarar da turke biyu, na hagun ne nawa.