Bindiga a Buhun Shinkafa

Beltsville, 9 ga Maris, 1988

Yaya Maitama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya Inna da ciwon ƙafar? Maƙwabciyata Dorkas, 'yar Jos, ita ke rubutawa, ni ina faɗa mata.

Lafiyarmu lau, kar ku damu. Sai dai Yaya, ƙaninka, maigidana, ya sayi bindiga. Ya ce wai a cikin Washington, inda yake aiki, doka ta hana riƙe ta, amma harbi bai fasa ba, to me dokar ta tsare? Dorkas kuma ta ce ai daga kantunan wajen garin ake sayowa a kai can. Ni ban san mai gaskiya ba.

Abin da na sani, ranar Litinin na buɗe jakar makarantar 'yarmu Sailuba zan sa mata abinci, sai ga abar a ciki. Yarinya 'yar shekara shida fa! Wai malamarsu ta ce kowa ya kawo abin da zai nuna wa 'yan aji. Nan take na ciro bindigar. Na naɗe ta a zani, na cusa can ƙasan buhun shinkafa. Ya birkice gidan nan yana nema, na ce ban gani ba, Allah ya yafe min.

Don Allah ka rubuto masa ya mayar da ita, maganarka kaɗai yake ji. Kar Inna ta sani. In an sami mai zuwa, a aiko min da daddawa. Allah ya ƙara girma.

Ka yi sauri, Yaya. Kullum shinkafa yake cewa in dafa, buhun har ya yi rabi.

Ƙanwarka,
Rumasa'u