Jan Bokitin Yashi

Talata da dare, Gyaɗi-Gyaɗi

Da safe ina shara a ɗakunan ɗaliban jami'a, na hango hayaƙi ta taga. Risho ne ya kama, wuta tana lasar labule. Wani ya rarumo ruwa, na ce, "Kai, kananzir ne!" Na juye mata bokitin yashi, ta mutu murus.

Yashin nan masu abinci ke kwashewa suna goge tukwane, kullum ina sake cikawa ana min dariya. Tun saukar soja ake cewa za a sallami leburori. Yau shugabanmu ya ce, "Habu, kai kam ka zauna."

Wallahi ni na kashe wutar nan! Baba mai gadi ya gani. Madam mai shinkafa ma ta gani, tana riƙe da tukunya, yashina a ciki.