Kunnen 'Yar Fari

Gwarzo, Litinin.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa ta ladabi, ke da Baba da mutanen Gude baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Yaya fama da roron wake? Mu nan lafiya, sai dai hankalina a tashe yake. Na ba Ɗanladi direba wannan takarda ne don bakina ba zai iya faɗin abin da ke cikinta a waya ba.

Maganar mutuniyarki ce. Wata biyu ke nan da ɗauko ta daga hannunki aka sa ta makarantar nazare, amma malamarsu, Malama Badi'a, ta ce ko sau ɗaya ba ta taɓa amsa kira ba. A ce yara su tafa, ta yi zuru. A ce su miƙe, sai ta ga na kusa da ita ya miƙe. Ana ba su labari, idonta na kan taga. Malama tana zargin kunne, ta ce in ya tabbata, makarantar kurame ta Kano ce ta dace da ita. Inna, shekara huɗu fa!

Malama ta tambaye ni ko tana amsawa in na kira ta a gida. Yaushe na taɓa kiranta? Ke kika hore ni da kunyar 'yar fari. Tun ranar suna, sunan nan bai fito daga bakina ba. Abinci ma tura mata nake ina kallon gefe, shi ma maigidan haka yake yi.

Malama ta ce kafin mu je asibiti in tsaya a bayan yarinyar in kira sunanta da raɗa. Yau kwana uku ina ɗagawa. Kunya nake cewa, amma gaskiya tsoro ne, kada in kira ta ƙi juyowa.

Don Allah ko kin taɓa ganin kunnenta yana ruwa? Kada ki ɓoye mini.

Ki huta lafiya.
'Yarki,
Asta.


Gwarzo, Asabar.

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki da ta Baba, saƙonki ya iso, har da man shanu. Allah ya bar mana ke. Kin ce a wurinki bakinta ba ya hutawa, na kuwa yini ina kuka, don ni ban san muryarta ba.

Jiya da la'asar na rufe ƙofa. Tana zaune ta ba ni baya, tana jera murafen kwalba. Na yi bisimilla na kira sunan da raɗa. Shiru. Na sake. Ko motsi. Har na fara tunanin kayan da zan haɗa mata na Kano.

Ban san abin da ya kawo shi bakina ba, sai na ji ina raɗa, "Ga ta nan, ga ta nanku." Na san kin hana tatsuniya da rana, ki yafe ni.

Inna, kafin in rufe baki ta ce, "Ta zo mu ji ta!" Ta zabura tana dube-dube, har bayan ƙofa ta leƙa. Ke take nema. Da ta ga ni kaɗai ce, ta daɗe tana kallona, sannan ta matso ta zauna a kan ƙafata tana jira. Ni kuwa rabin tatsuniyar na manta, ita ta dinga gyara mini.

Malama ta ce duk da haka mu je a duba kunnen, kuma in riƙa yi mata hira ina kallon idonta. Zan yi, ko a gaban wa. Na san za ki ce na yi rashin ta ido. Ki ce, na ɗauka.

Ki gaishe da Baba.
'Yarki,
Asta, uwar Zinnira.