Layi na Biyu a Cikin Rauta

Uwata,

Na shigo na tarar kin wuce makaranta, ga shi motar Shinkafi ba ta jiran kowa. Shi ya sa na bar miki 'yar takardar nan ƙarƙashin rautar intanet.

Ranar Talata na yi miki faɗa don na ga kin buɗe ta kina taɓe-taɓe. Ki yafe wa babanki. Jiya da la'asar ina shigar da sunayen ɗalibaina na jarrabawa, saura 'yan mintoci a rufe shafin, sai ga saƙo wai datata ta ƙare. Yara goma sha ɗaya ba su shiga ba, har da 'yan garin Galadi biyu. Ina cikin salati fitilar rautar ta ƙifta, ta koma koriya, aiki ya ci gaba. Duk sun shiga.

Mamanki ce ta tona asirin. Ashe layinki kika ƙara a ciki, kika saita ta yadda za ta koma kansa da zarar nawa ya kai iyaka. Na cinye miki datar karatu, amma na sa an loda miki wata. Layin kuwa, don Allah ki bar shi inda yake.

Kakarki da kika ci sunanta, Allah ya jiƙanta, haka halinta yake. Ranar da aka share rumbu, sai ta jawo ƙwaryar gero daga ƙarƙashin gado. Ita ban samu na gode mata ba. Ke kam na gode, ɗiyata.

Baba