Yayana Ya Ce Masarar da Nake Bincike Guba Ce

Anti, ina yi miki sallama. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe, domin in ban sami mai faɗa min gaskiya ba zan aikata abin da zai raba gidanmu biyu. In kin ga ina tsalle daga nan zuwa can ki yi haƙuri, zuciyata ce ke tafasa.

Ni mai binciken tsirrai ce a wata cibiyar gwamnati, kuma a kan masara nake aiki. Kin san funfunar da ke kama hatsi in an adana shi da danshi? Akwai irinta da ke barin dafi a cikin ƙwaya. Ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa, dafuwa ma ba ta cika kashe shi ba. A hankali yake cin hanta, yara kuma su tsumbure. Wata ƙawata likitar yara ce ta taɓa shigar da ni ɗakin da take kwantar da su, na fito ban iya cin abinci ba ranar. Tun daga nan na duƙufa neman irin da funfunar ba ta kama shi da sauƙi. Shekaru na yi a gonar gwaji, rana na dukana, ina rufe furen masara da jakar takarda, ina ɗiban garin furen wannan ina barbaɗa wa gemun wancan. Da hannuna, Anti. Babu allura, babu siddabaru.

To, ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗan majalisa ne, shi ne ma shugaban kwamitin noma. Da zaɓe ya matso sai jita-jita ta tashi wai irin da cibiyoyi ke fitarwa yana hana haihuwa, wai daga waje ake turo shi don a rage mu. Abokin hamayyarsa ne ya fara hawa kan maganar. Da Yaya ya ga ana tafa wa mutumin, sai ya fi shi ɗaga murya, har ya kai ƙudirin dokar dakatar da gwajin duk wani sabon iri. Mutumin da ni nake zana masa ganye a littafinsa muna makaranta, wanda har yau ba ya bambanta masara da dawa sai sun fitar da kai, shi ne yanzu masanin iri!

Duk wannan na shanye. Amma wata safiya ina wanke kwanuka, rediyo na gefe, sai na ji muryarsa yana cewa shi ba labari aka ba shi ba, ƙanwarsa a can take aiki, kuma ita kanta ba ta bai wa 'ya'yanta abin da suke nomawa. Wallahi ƙarya ce tsagwaronta. Kwanon da ke hannuna sai da ya suɓuce.

Ba a jima ba wasu matasa suka tsallake shingen waya suka shiga gonar gwajin, masara ta fara goyo. Suka tumɓuke ta, suka tattara allunan da ke nuna wane layi ne wane iri suka cinna musu wuta. Da na je na tsaya a tsakiyar gonar ina kallon toka, ko kuka ya ƙi zuwa. Akwai ɗan irin da ya rage a ɗakin sanyi da muke adana iri, amma sababbin haɗin da na fi sa rai a kansu sun tafi.

Na kira Yaya a waya. Ya ce shi bai aiki kowa ba. Sai ya yi dariyar nan tasa, ya ce, "Haba likitar masara, siyasa ce fa. Bayan zaɓe komai zai lafa." Ko a jikinsa. Yanzu maƙwabciyata da muke miƙa wa juna kwano ta kan katanga ta daina karɓar abincin gidana. A kasuwa mai awo ya tambaye ni cikin zolaya ko na zo duba wanda zan sa wa magani ne. Na gaji da yi wa jahilai bayani, Anti. Mutanen da nake ƙona fatata dominsu su ne suke jifana.

Ga inda maganar take. Majalisa ta sa ranar sauraron ra'ayin jama'a a kan ƙudirin, Darakta ya ce ni zan wakilci cibiyarmu, Yaya kuma shi zai jagoranci zaman. Ni kuwa ina da abin da zan gama da shi. Wata damina can baya ni da kaina na ɗiba masa irin masarar nan da nake aiki a kai na ce ya gwada a gonarsa. Ya shuka, ta yi kyau, ya yi ta cika baki a gaban baƙi. Gidansa kaf ita suka ci har ta ƙare, bayan nan kuma matarsa ta haifi tagwaye! So nake in miƙe a gaban 'yan jarida in tambaye shi, wace masara uwar tagwaye ta ci?

Inna ta ji labari. Ta kira ni ɗakinta, ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce in na kunyata ɗanta a bainar jama'a kada in sake tako mata ƙofa. Na ce Inna, ni da ya kunyata a rediyo fa? Ta ce shi babba ne. Maigidana kuma cewa yake in ce ba ni da lafiya, a tura wani. Wato in ɓuya kamar ni ce mai laifi.

Anti, ba na son ganinsa, ko sunansa ba na son ji. In tona masa asiri, ko in yi shiru aikina ya mutu?

Taki,
Ƙanwar Mai Girma

*

'Yar'uwa,

An zalunce ki, ba zan ɓoye wannan ba. Yayanki ya yi miki ƙarya a inda ba ki da bakin ramawa, kuma ko da bai aiki matasan nan ba, maganarsa ce ta nuna musu hanya. Fushinki yana kan ƙa'ida.

Amma maganar tagwaye, ki bar ta a gida. Na yi dariya da na karanta, zauren majalisa ma zai yi dariya, sannan wani daga cikinsu ya gyara tabarau ya tambaye ki: irin da ba a gama gwajinsa ba, ba a amince a fitar da shi ba, wa ya ba ki izinin kai shi gonar ɗan'uwanki? Kin rubuta min wannan a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba ne. To, komai ne. Da bakinki za ki tabbatar wa masu cewa ba kwa bin doka cewa sun yi gaskiya, gobe kuma jaridu ba za su yi zancen yara masu ciwon hanta ba, zancen faɗan wa da ƙanwa za su yi. Ki sami Darakta tun yanzu ki faɗa masa wannan batu, kada ya ji shi a bakin wani. Matar yayanki da jariranta kuma ba su yi miki laifin da za a ja sunansu a gaban kyamara ba.

Shawarar maigidanki ma ban karɓa ba, duk da na san tausayinki ne ya sa shi. Ki je. In kujerarki ta zauna babu kowa, cewa za a yi ƙanwar ma ta gudu. Ki tafi da ƙawarki likita ta faɗi abin da take gani a ɗakin yara. Ki tafi da jakar takardarki da goyon masara, ki nuna musu yadda kike haɗa iri kamar yadda kika nuna min. Ƙaryar rediyo kuwa jimla ɗaya ta ishe ta: 'ya'yana suna cin abin da cibiyarmu ta fitar. Ba sai kin dubi inda yayanki yake zaune ba.

Sai abin da ba za ki so ji ba. Ki cire kalmar jahilai daga bakinki. Macen da aka ce mata abinci zai hana ta haihuwa, in ta ji tsoro ba wauta ta yi ba. Tambayar wa ke duba irin nan kafin ya iso tukunyarmu, tambaya ce mai kyau, ko da wanda ya yi ta ƙuri'a yake nema. Shekarun da kuka yi a bayan shingen waya, sau nawa kuka buɗe ƙofa manoma da matan unguwa suka shigo suka gani? Ki ba majalisa abin da za ta riƙe a madadin dakatarwa: a ƙara sa ido, a bayyana sakamakon gwaji, a bar jama'a su riƙa ziyartar gonar. Ɗan siyasa ba ya janyewa sai ya ga ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Kafin ranar, ki sami yayanki a ɗakin Inna, ku uku. Ki faɗa masa abin da za ki faɗa a zauren da abin da kika zaɓi ki bari. Ki nemi ya koma rediyon ya gyara maganar da ya yi a kanki. Wataƙila ya ƙi. Amma Inna za ta ji da kunnenta wane ne a cikinku ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Batun ɓarnar gona kuwa na hukuma ne, cibiyarku ta kai ƙara, ke ki cire hannunki.

Ban ce ki yafe masa yau ba. Wannan ki bar wa zuciyarki, ta yi a lokacinta. Na dai ce kada ƙiyayyarsa ta cinye miki 'yan mintocin da za a ba ki, alhali akwai yaran da ba su da mai yi musu magana a zauren nan sai ke.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya daidaita tsakaninku, Ya ba ki damina mai albarka.

Antinku