Mazan Giginyar Fadamar Fakku

Tambuwal, Nuwamba 1931

Zuwa ga ƙanena Jumare,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da mahaifiyarmu Dada da dukan mutanen gida. Yaya jikin ƙafarta? Mu nan lafiya lau, yara suna ta karatu.

Bayan haka, mutane da yawa suna ɗauka namijin giginya ba shi da wani amfani sai azara, tunda ba ya 'ya'ya. Ina jin kai ma haka ka ɗauka. Almu mai jakai ya sauka wurina ranar kasuwa, ya ce ka yi magana da Ɗangiwa, ɗan kwangilar da ke neman azara don ginin bariki, za ka sayar masa da dukan mazan da ke fadamar da Baba ya bar mana, ka bar mata kaɗai.

Jumare, macen ba ta haihuwa ita kaɗai. Ka tuna dogayen furannin nan na namiji masu zubar da gari rawaya? Wannan garin ne ƙudan zuma da iska suke kai wa furen mace, sa'an nan ta ɗaura 'ya'ya. In maza suka ƙare, matan za su tsaya kore shar, gwanin kyau, amma babu ƙwallon da zai faɗo. In babu ƙwallo, me Dada za ta binne ta haƙo muruci ta kai kasuwa? Kuma giginya ba kamar sabara ba ce, da za a sare ta tofo. In ta faɗi ta faɗi ke nan, wadda za ta maye gurbinta kuwa sai jikokinka su sha inuwarta.

Na san fara ta cinye geron bana, na san rumbu bai kai rabi ba. Ban ce kada ka sayar ba. Ka zaɓi tsofaffin maza, waɗanda suka cunkushe wuri ɗaya, itacensu ma ya fi ƙwari, ka sayar da kaɗan bana, kaɗan baɗi. Kowane gungun mata ka bar musu namiji kusa. A ƙwallayen da ake binnewa kuma a riƙa barin wasu su girma, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, a share ciyawar gindinsu kafin lokacin gobara. Haka wurin zai ciyar da kai kowace shekara.

Ka ba Almu amsa ya zo mini da ita. A gaishe da Dada.

Yayanka,
Attahiru

Tambuwal, Disamba 1931

Zuwa ga Jumare,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Almu ya dawo hannu wofi. Da na matsa masa, sai ya ce ka karanta takardata a tsaye, ka ce mai albashi ba ya rasa dabara. Ban ji haushi ba. Kai ne kake duban rumbun nan safe da yamma, ni allo nake duba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ya ce masu saran Ɗangiwa sun riga sun sauka, sun fara daga gabas, kuma suna bi ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ko guda ba. Na je wurin malamin daji ko zai sa baki. Ya ce takardar izinin da aka ba Ɗangiwa ta halatta sare namiji, ba ta faɗi nawa za a bari ba. Ke nan babu mai iya tsayar da gatarin nan sai kai.

Ga taikin dawa nan na aiko, na san ba zai kai ku damina ba. Ina roƙonka abu ɗaya: in sun iso rafi su tsaya. Waɗanda ke hayin yamma, a tsakiyar mata, ka bar su. Babban malami ya hana ni tafiya sai an sallami yara. Kullum ina tsaye gaban aji, hankalina yana fadama.

Yayanka mai ƙaunarka,
Attahiru

Fakku, Disamba 1931

Zuwa ga Jumare,

Ina gaishe ka, ina fata ka dawo daga Jega lafiya da hatsin da ka je saye. Na iso gida na tarar ba ka nan, gobe kuma dole in koma, don haka zan bar wannan a hannun Dada.

Ko ruwa ban sha ba na gangara fadama. Hayin gabas babu namiji ko ɗaya, sai kututture da tulin azara. Masu saran sun riga sun ƙetare rafi, sun kayar da mafi yawa, saura 'yan ƙalilan a kusa da tsohuwar rijiya. Na yi musu sallama, na roƙe su su dakata. Babbansu ya amsa mini da ladabi, ya ce shi da wanda ya yi ciniki ya sani, kuma ka riga ka karɓi kafin alƙalami. Ina magana, wani yana wasa gatari a kan dutse.

Ban san Dada ta biyo ni ba. Ta zo tana jan ƙafar nan, da tabarma a hammata, ta shimfiɗa a gindin wani namiji da suka fara sara bai faɗi ba, ta jingina da shi, ta ciro carbi. Suka ce Inna ki tashi, wurin nan da haɗari. Ko kallonsu ba ta yi ba, ta ce, "Mai gonar ba shi nan. In ya zo ya ce a kayar, ni da kaina nika tashi."

Har la'asar tana nan, ni ina tsaye kusa da ita, ina kallon saran da ke bayan kanta. Aka kira Ɗangiwa. Ya yi faɗa, ya ce ana jiran azara, kuma hatsin da kake sayowa da kuɗinsa ne. A ƙarshe ya yarda zai jira dawowarka, amma in ka hana sauran, sai ka mayar masa da abin da ya yi daidai da su.

Ba ni da ikon yanke wannan, gona tana hannunka. Na dai sani in waɗannan suka tafi, babu wani namiji daga nan har bakin gulbi.

Naka,
Attahiru

Tambuwal, Janairu 1932

Zuwa ga ƙanena Jumare,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na karanta ta a bakin ƙofar aji.

Ka ce ka bar su tsaye, har wanda aka fara sara ka shafe masa raunin da laka. Ka ce ka mayar wa Ɗangiwa kayan jaki guda na hatsi, don haka za ka tafi cin rani ka cike giɓin. Wannan ya yi mini nauyi ƙwarai. Ka tafi da kwanciyar rai, Dada tana wuyana har ka dawo, Almu zai riƙa kai mata abin da ya samu.

Ka kuma ce don Dada ka yi, maganar garin fure kuwa har yanzu ba ta shige ka ba. Na ji daɗi da ka faɗa. Kada ka yarda don ni na ce. In ka dawo, lokacin da fure zai fito, ka nemi macen nan gajera ta bakin rafi. Ka hau, ka rufe zangarniyar fure ɗaya da ƙyalle mai kauri tun ba ta buɗe ba, ka ɗaure bakin tam, ta kusa da ita kuma ka bar ta a sarari. Bayan wata biyu ka kwance ka duba da idonka. Duk abin da ka gani, ko ya ƙaryata ni, ka rubuto mini.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Yayanka,
Attahiru