Danga Ɗaya da Gogo Mairama

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
An kawo wata mai zane daga Zariya, sunanta Zaituna. Mako uku za ta yi a wani shago kusa da tashar Dutsin-Ma, ƙofa a buɗe, kowa ya shiga ya kalli aiki. Ta kafa farin ƙyalle bango guda. Wai duk wanda ɓarayin daji suka raba da gidansa ya zo ya kwatanta mata, ta zana. Gida a ƙyalle? Allah ya kyauta.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na je. Kallo kawai. Wani tsoho ya yi ta faɗa don ta rage masa rumbu ɗaya, mutane na ta dariya. Ni ban iya ba. Warhaka da muna ƙauyenmu a bayan Tamawa, ana ɗaurin gero.

Asabar, 12 ga Oktoba
Yau ma. Na ce wa Yaya Lado cefane zan je.

Talata, 15 ga Oktoba
Zaituna ta kama ni. "Inna Larai, kullum kina bakin ƙofa. Ina naki gidan?" Na ce nawa yana nan, komawa zan yi. Shekarun nan da nake raɓe a gidan Yaya haka nake faɗa wa kowa, shi ya sa ko ƙawa ban yi ba a garin nan. Ta ce to, amma ƙyalle na cika.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Na faɗa mata. Ɗaki biyu, tsamiya a gabas, turmin Inna mahaifiyata mai tsaga a baki. Hannunta na tafiya, ina kallo. Da tsamiyar ta fito sai na fita waje na yi kukana.

Na dawo na tarar da abin haushi. Filin da ya rage a ƙyallen kusa yake da rugar wata tsohuwar Bafulatana, Gogo Mairama, daga wajen Ɗantutture. Danga ɗaya ta haɗa mu. Na ce a raba, ni ba na maƙwabtaka da su. Ashe tsohuwar na bayana. Ba ta ɗaga murya ba. "Ɗiyata, ni ma shanuna aka kora. Da ɗana aka tahi."

Litinin, 21 ga Oktoba
Ban je ba. Kunya.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Na lallaɓa na tsaya a baya. Gogo ta hango ni, ta ce tsamiyata na zubo mata ganye a tsakar ruga, wa zai share? Shago ya ɗauki dariya, har da ni. Tsohuwar nan akwai tsokana. Ta sa Zaituna ta buɗe 'yar kafa a dangar, wai ta nan za ta riƙa miƙo min nono. Muka zauna benci ɗaya har la'asar. Ta ba ni labarin ɗanta, na ba ta na Inna.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Zaituna ta naɗe ƙyallen ta tafi da shi, da tsamiyata da komai. Shagon ya koma fayau. Ba abin da ya sauya, in Allah ya yarda komawa zan yi.

Da yamma Yaya ya gan ni da mayafi da kwanon dambu, ya ce ina zuwa? Na ce gidan maƙwabciyata. Sai da na tare mai mashin na tuna ɗakin da take haya yana can ƙarshen gari, hanyar Zobe. Na hau dai.